Kakana da Karcen Motar Bature

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi kakana, mahaifin babana, a gidansa da ke Gumel. Aro aka ba mu shi, Mai shi kuma Ya karɓi abinSa. Shekarunsa ban san su daidai ba. Babana ya ce tamanin da takwas, ƙanensa ya ce sun haura casa'in. Abin da zan iya faɗa ba tare da fargaba ba shi ne ya riga mota zuwa garin nan, domin da idonsa ya ga shigowar ta farko, ko dai ɗaya daga cikin na farko.

Kwana uku zaure bai rabu da mutane ba. Mafi yawan masu zuwa gaisuwa direbobi ne, saboda wankin mota da gyaran fenti su ne sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare. Wani tsohon direba daga Gagarawa ya ce, "Allah Ya jiƙan Mai Tsumma. Sau ɗaya na goge motata a bushe a gabansa, sai da ya yi mako bai amsa gaisuwata ba." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Amma akwai abin da na gani a wurin jana'iza da ya hana ni sukuni. Da liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, sahu ya amsa gaba ɗaya. Baffana na Maigatari yana kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, ban kuwa ga bakinsa ya motsa ba. Mai yiwuwa a zuci ya faɗa, ba na so in ɗauki alhakinsa. Sai dai ana idar da sallar gawa ya kaɗe rigarsa ya nufi tasha, ko ruwan gidan bai sha ba. Da na shiga zaure da buta na ji dattijai biyu suna magana ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu maganar motar nan ce?"

"To, wanda aka kora ya dawo ne?"

Da suka gan ni sai suka koma zancen damina.

Kaka da mahaifin Baffa uwa ɗaya uba ɗaya suke, mahaifin Baffa ne babba. Abin da gidansu suka riƙe fiye da shekara sittin shi ne Kaka da gangan ya karce motar wani Bature don a kori wansa daga aiki shi ya maye gurbinsa. Ni jikansa ne, ina ƙaunarsa, amma ba zan ɓoye ba: na daɗe ina zargin ko gaskiya suke faɗa. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a tuna da shi da wannan tabo idan ba nasa ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na ji da wanda na gani.

Ga yadda shi ya ba ni labarin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ne, in lissafina bai ɓata ba. Wani Bature mai sayen fatu da ƙiraga ya zo Gumel da baƙar mota mai sheƙi, har mutum yana ganin haƙoransa a jikinta. Ya sa aka kewaye masa wani fili da zana a bayan gidansu Kaka, a nan ake ajiye ta, ƙofar kuma ta cikin gidan take. Ya ɗauki wan Kaka gadi da wanki. Kaka a lokacin ya haura ashirin, yana koyon aiki wurin maƙeran fari, dangin mahaifiyarsu, masu yin mundaye da zobba.

Wata rana Baturen ya hau doki ya tafi ƙauyukan Gagarawa, don yashin hanyar ya fi ƙarfin motar. Wan Kaka ya samu sarari ya tafi suna gidan surukansa a Sule Tankarkar, ya bar wa ƙanensa gadi. Da Baturen ya dawo aka turo motar waje, rana ta faɗo mata, sai ga zane siriri-siriri ya nannaɗe gabanta da ƙofa ɗaya, kewaye a kan kewaye kamar saƙar gizo-gizo. A inuwa ba a ganinsa. A rana kuwa, duk inda ka matsa sai ya bi ka.

Kaka ya ce kafin azahar rabin gari ya taru. Wani ya ce rubutun aljanu ne. Wani ya ce sammu aka yi wa Baturen don ya bar garin. Wani malami ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya ce shi dai bai ga harafi ko ɗaya ba.

Tafintan Baturen ya daka tsawa. "Bature ya ce wane ne ya taɓa ta?"

Wan Kaka ya matso ya ce, "Ni ne. Tsumma ne ya faɗi ƙasa, na ɗauka ban wanke ba."

"Kai da aka ce ba ka gari?"

"Kafin in tafi na goge ta."

Aka yi masa bulala a gaban jama'a, aka kore shi. Bai ƙara mako a Gumel ba ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, can ya rasu tun Baffa bai kai shekara goma sha biyu ba. A ranar bulalar ce kuma Kaka ya durƙusa ya ce wa tafinta shi zai iya fitar da zanen.

Tafinta ya ce, "In ka ƙara ɓata ta fa?"

"A yi mini ninkin na yayana."

Idan ya zo nan a labarin sai muryarsa ta saki, ya shiga bayanin aiki kamar jiya ya yi shi. Ya ce dabarar maƙera ya ɗauko, wadda ake fitar da sheƙin azurfa da ita. Ya ƙona karan gero, ya tankaɗe tokar sau uku, ya dama ta a ruwa mai yawa. Ya bari mai nauyin ta kwanta, ya tsiyaye ruwan sama a wata ƙwarya, ya bar shi ya kwana. Laɓuɓun da ya kwanta a ƙasan wannan ƙwarya ta biyu shi ne maganin, kuma sai ya sa shi a haƙori ya tauna, in ya ji ƙaras ko kaɗan ya zubar ya sake. Ya samo auduga ya tsince ta da hannu kada gurya ko ɗaya ta saura. Ya fara gwadawa a ƙasan ƙofa inda ido ba ya kai wa. Sannan ya riƙa bin wurin kaɗan-kaɗan, faɗin tafin hannu, a miƙe, gaba da baya, ba ya dannawa, ba ya kewayawa. "Fenti fata ce, abokina," in ji shi. "Ba cire karcen kake yi ba, gefensa kake sassaƙewa har ya daina kama rana. In ka yi haɗama ka huda fatar." Kwana tara ya yi. A ƙarshe ya narka kakin zuma da ɗan mai ya shafa, ya goge da sabuwar auduga. Zurfafan guda biyu ko uku ba su fita ba, shi da kansa yake faɗa. Sauran suka ɓace. Baturen ya ɗauke shi aiki.

To, a nan zargina yake farawa. Yaya aka yi mutumin da bai taɓa wanke mota ba ya san maganin tun ranar da ciwon ya bayyana? Me ya sa zanen ya tsaya a gaba da ƙofa ɗaya, daidai abin da mutum ɗaya zai iya gyarawa? Tsumman da ya faɗi ƙasa kuma ba ya yin kewaye a kan kewaye sai hannu ya juya shi da ƙarfi. Na taɓa jero masa waɗannan tambayoyi bayan na dawo daga jami'a, a cikin wasan jika da kaka, amma zuciyata ba wasa take yi ba. Ya dube ni ya ce, "Boko ya koya maka tambaya. Miƙo mini butar can." Shi ke nan.

Ban taɓa ganin mutumin da yake zargin tsumma kamarsa ba. Kafin ya ɗora shi a mota sai ya shafa shi a kumatunsa. Wanda ya taɓa ƙasa, ko da ƙiftawar ido ne, ya gama aiki, ya koma na goge taya. Ruwan rijiya ba ya yarda da shi sai ya tace shi da ƙyalle ya kwana a randa, don ya ce guga ba ya hawowa shi kaɗai, da rairayi yake zuwa. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, kuma wanda ya haɗa su ya haɗu da faɗansa. Daga sama yake farawa ya gangaro. Ba ya wanki a rana. Kullum maganarsa ɗaya ce ga ma'aikatansa: "Ruwa tukuna, hannu daga baya." Idan muna tafiya kasuwa da hantsi yakan tsaya ya karkata kai yana duban motar mutane, ya ce, "Wannan da hula mai ita yake goge ta." Sau da yawa in aka bincika haka ne.

Faɗansu da Baffa sau ɗaya na gani da idona, ranar sunan ƙanwata. Baffa ya zo da sabuwar a-kori-kura. Kaka ya fito da sandarsa ya zagaya ta, ya kai yatsa zai shafa gefenta.

Baffa ya ce, "Baba, ɗauke hannunka. Mota ɗaya hannun nan ya taɓa muka tashi marayu a garin wasu."

Babana ya miƙe, Kaka ya ɗaga masa hannu ya zauna. Na zuba ido in ji ya rantse, ko ya yi fushi, ko ya ce ƙarya ne. Sai kawai ya ce, "Ka riƙa zuba mata ruwa kafin ka goge." Ya juya ya shige gida. A ranar na ce a raina mai gaskiya ba ya yin shiru haka.

Alherinsa ma ban bar shi ya tsira daga zargina ba. Akwai wani magidanci, direban wani alhaji, da ya goge sabuwar motar ubangidansa da buhu, ya kawo wa Kaka ita. Kaka ya haura saba'in a lokacin, amma kwana biyu ya yi a durƙushe a kanta. Da alhajin ya zo ya tambayi wanda ya yi ɓarnar, Kaka ya ce, "Yashin Gumel ne, Alhaji. In za ka kore shi sai ka kori garin." Alhaji ya yi dariya, direba ya tsira da aikinsa. Mutane suka ce kirki ne. Ni kuwa na ce ko kaffara yake yi. Allah Ya yafe mini in na zalunce shi.

Bayan sadakar bakwai na tafi Ɗanzomo wurin ƙanwar Kaka, autarsu, wadda muke kira Gwaggo kamar yadda babana yake kiranta. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa makoki. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Mijin nawa, sai yau? Da na mutu ma sai dai ka ji a kasuwa."

Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, muka yi kuka kaɗan. Sannan na gaya mata abin da na gani a sahu. Ta ajiye gyaɗar.

"Bai yafe ba?"

"Ban dai ji ba, Gwaggo."

Ta aiki jikarta gidan maƙwabta neman abin da na san tana da shi a ɗaki. Da yarinyar ta fita ta ce, "Sun sa na rantse ba zan faɗa ba muddin ɗayansu yana numfashi. To, yanzu duk sun tafi sun bar ni da kayan. Inna ce."

Na ce, "Wace Inna?"

"Inna nawa gare mu? Wadda ta haife mu."

Ta ce ranar Juma'a ce, Kaka ya tafi masallaci. Mahaifiyarsu ta leƙa bayan zana ta ga kaji sun hau motar sun ɓata ta. Ta ce wannan abin kunya ne, baƙo ya bar kayansa a gidanka ya dawo ya tarar da ƙazanta. Ta sa Gwaggo, tana 'yar shekara tara, ta riƙe mata ƙwaryar ruwa. Ta ɗebo toka da ɗan rairayi a soso, ta shiga dirzawa tana kewayawa, yadda take yi wa tasoshin jerenta duk Juma'a har su yi walƙiya.

"Tana yi tana waƙa. Da yake a jiƙe take, sai sheƙi take yi. Ta gama gaba ta kama ƙofa ke nan sai ga yayana ya dawo daga masallaci. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba sai ranar."

Da babban ya dawo daga Sule Tankarkar aka zauna a ɗaki. Inna ta ce za ta fita ta faɗa da bakinta. Babban ya ce sai dai bayan ransa. Matar aure, a fito da ita gaban tafinta da mazan gari, a yi mata abin da za a yi, gobe kuma 'yan mata su saka ta a waƙar dandali, wadda ta wanke mota kamar tasa? Ya ce shi aka ba amana, shi zai ɗauka. Ya ce wa ƙanensa, kai kuma ka san aikin azurfa, ka nemi gyaran, don in motar ta gyaru Bature zai daina bincike. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ita kuwa ta san ba ya gari a ranar, ta ga ƙanen miji ya samu aikin, sai ta haɗa lissafinta, ta shayar da 'ya'yanta da shi.

Na ce, "Bayan Inna ta rasu fa? Me ya hana Kaka faɗa?"

"Na roƙe shi. Ya ce wanda ya sha bulalar bai sake shi daga alkawari ba, kuma ba ya nan balle a tambaye shi."

Ya kamata a ce na dawo da farin ciki. Ban dawo da shi ba. Gwaggo tana son Kaka fiye da kowa, duk wanda zai ƙaryata ta kuma yana ƙasa. Na koma bayan kwana huɗu na sake tambayarta ta wata hanya. A karo na biyu ta ce awaki ne suka ɓata motar, ba kaji ba. Ƙaramin abu ne, tsohuwa ce, shekarun da yawa. Amma ya tsaya mini a rai. Na yi ta juya abin: in kai wa Baffa labarin da ban tabbatar ba, in wanke kakana in ɓata sunan kakar Baffa?

Na dai je. Na same shi a ƙofar gidansa a Maigatari bayan la'asar, ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, yana wanke ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan boko. Babanka ne ya aiko ka?"

"A'a, Baffa. Ni na kawo kaina. Magana na ji, ban kuma san ko gaskiya ce ba."

"To, ka kawo mini abin da ba ka sani ba in yi yaya da shi?"

Na faɗa masa duka, har da saɓanin kaji da awaki, don kada ya ce na ɓoye wani abu. Ina magana yana kallona kamar mai duba dabbar da ake so a sayar masa da aibu. Da na gama ya ce, "Gwaggo ta iya labari. Sai da ya mutu ta tuna?"

Na ce, "Ni ma na yi wannan tunanin."

"Da me ka ce ta dirje ta?"

"Toka da rairayi. Kamar tasa."

Butar da ke hannunsa ta karkace. Ruwan butar yana ta zuba a ƙasa bai lura ba, sai da na kai hannu na daidaita ta.

Ya ce, "A gidanmu ba a wanke kwano da yashi in babanmu yana nan. Da ya ji ƙarar sai ya tashi ya fita, ko da abinci ne a gabansa. Wata rana ya fizge soso daga hannun innarmu ya jefa bayan katanga, mutumin da ko tsawa ba ya yi. Muka ɗauka haushin motar ne." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Wa ya gaya wa Gwaggo wannan? Ba ta taɓa kwana a gidanmu ba."

Na ce, "Ba ta faɗa mini wannan ba, Baffa. Yanzu na fara jin sa."

Ba zan ce wannan hujja ce da alƙali zai karɓa ba. Ni dai a nan zargina ya ƙare, ko in ce ya kusa. Na yi ƙarfin hali na ce, "To, Baffa, za ka yafe masa?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

"In yafe masa me? A gaban mutane na ce masa ya ɗauke hannunsa. Shekara sittin ina cin naman mutumin da ya rufa wa kakata asiri. Shi ya kamata ya yafe mini, ga shi kun riga kun binne shi."

Ya shiga gida ya fito da hularsa a hannu, bai ko tsaya sa ta ba.

"Tashi mu je Gumel tun da sauran rana. Ranar nan ban tsaya na ga inda kuka sa shi ba."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo da abin da ya ɓoye. Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa mahaifiyarsa, Ka haɗa shi da wansa a inuwar rahamarKa.